Yadda za ka koyi gyaran tsohuwar tarakta daga bidiyon YouTube

Duk mai tsohuwar tarakta ya san lokacin da take tsayawa, ruwan farko ya sauka, mutane sun biya kuɗin haro suna jiran layi, kai kuma kana bakin gona kana ta kiran bakanike yana ce maka ga shi nan zuwa alhali yana wani ƙauyen a ƙarƙashin wata taraktar. Kuma abin haushin, yawancin abin da ke tsayar da ita ba wani babban ciwo ba ne, ko iska ta shiga layin gas, ko filta ta toshe, ko kan batir ya ci tsatsa. Irin waɗannan wallahi mai tarakta ko direbanta zai iya koyonsu da wayar da ke aljihunsa, in dai ya san yadda ake kallon bidiyon, don ba kowane bidiyo ne naka ba.

Sa'ar da muka yi ita ce tsofaffin taraktocin nan babu kwamfuta a jikinsu, ƙarfe ne da mai da iska, abin da ido ya gani hannu zai iya taɓawa. Massey Ferguson (MF) 135 da 165 tun 1964 aka fara ƙera su, aka daina wajen 1975, amma har yau akwai masu kwance su suna ɗaurawa a Ingila da Amurka suna ɗaukar komai a bidiyo dalla-dalla. Sannan a Pakistan kamfanin Millat da ke Lahore yana haɗa MF 240 da 375 da 385, Al-Ghazi kuma shi ya yi ta fitar da Fiat 480 da 640, shi ya sa bidiyon kanikawan Pakistan suka cika YouTube. Ni su na fi so ma, a ƙasa suke aiki cikin ƙura da kayan aiki irin namu, ko ba ka jin Urdu hannunsu kawai za ka bi. Masu Steyr irin wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi, ku kuma yawancin naku da Jamusanci za ku same su tunda asalinta 'yar Ostiriya ce.

Kafin ka buɗe YouTube, fara sanin taraktarka tukuna. Ba sunan da aka rubuta a bonet kaɗai ba. Ka samu tsumma da ɗan gas ka goge farantin lambar da ke jikinta, sannan ka nemi lambar da aka buga a jikin injin kansa, ka ɗauki hoto ka kuma rubuta a takarda. Dalili kuwa suna ɗaya na iya zuwa da inji daban. MF 375 ta Ingila injin Perkins 4.236 ne a cikinta, ta Pakistan kuma 4.41. MF 165 ta farko-farko da 4.203 ta zo, daga baya aka koma 4.212. Ita 135 da muka sani mai silinda uku ce ta gas, Perkins AD3.152, amma a Amurka an sayar da masu amfani da fetur da yawa, to in ka ga mutum yana kwance fulogi da kafireta ka wuce kawai, wannan ba taka ba ce. Balle taraktocinmu da sun bi hannu da yawa, wata ma an taɓa sauke injinta an ɗora na wata.

Wajen nema, ka rubuta lambar tarakta ko ta inji sannan sunan aikin da Turanci, misali "MF 135 bleed fuel system" ko "Perkins 4.236 valve adjustment". In ba ka san sunan abin da Turanci ba, tura hotonsa ga mai sayar da kayan gyara ko wani direba a WhatsApp ya faɗa maka. Kada ka tsaya a bidiyo ɗaya, kalli uku na mutane daban-daban a kan aiki guda, inda suka haɗu nan ne gaskiyar, inda suka saɓa kuma sai littafin taraktar ya raba gardama. Gajerun bidiyon nan na minti ɗaya masu kiɗa, inda za ka ga an kwance inji an ɗaure kafin ka ƙifta ido, na nishaɗi ne kawai. Nemi mai tsawo wanda mutumin ke nuna kowane noti, har inda abu ya ƙi fita ya yi ta fama da shi, nan ne ake koyo.

Sauke bidiyon a waya tun kana gari inda akwai sabis, don a gona ba lallai ka samu ba. Kalle shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe hannunka babu sifana, ka lissafa kayan aikin da ya yi amfani da su ka ga ko kana da su. A kallo na biyu ka rage gudunsa zuwa 0.5, kana tsayarwa kana yi. Saka wayar a farar leda saboda baƙin mai. Kuma kafin ka kwance komai ɗauki hoto, bayan ka cire kowane abu ka sake ɗauka, ƙusoshin kuma ka samu kwali ka huhhuda ka jera su yadda suka fito, don wasu tsayinsu ba ɗaya ba ne, doguwa ta shiga ramin gajera tana iya fasa maka abu.

Littafi kam dole ne. Akwai na direba, akwai na gareji, duka ana samun na tsofaffin Massey da Ford da Fiat a intanet. Bidiyo zai nuna maka yadda hannu ke tafiya, amma lamba daga littafi za ka ɗauka. Misali tazarar bawul a AD3.152 da 4.236 milimita 0.30 ce in inji ya huce, Bature zai ce maka 0.012 na inci, abu ɗaya ne. Ka kula da ma'auni sosai: inci ɗaya milimita 25.4 ne, galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuma lita 4.5, to in wani ya ce zuba galan kaza sai ka san daga ina yake magana. Haka notocin tsohuwar Massey ta Ingila na inci ne, 7/16 da 1/2 da 9/16, in ka yi ta cusa musu sifana 13 ko 14 za ka cinye kan notin ya zama mulmulalle, daga nan sai kurfi da guduma. Sayi saitin sifanun inci ko na hannu ne, zai biya kansa.

Fara da ƙananan ayyuka. Na farko abin tace iska, don ƙurar haro a busasshiyar ƙasa ita ke cinye ringi. In naka mai kwanon mai ne a ƙasa, cire kwanon, zubar da man, kankare lakar da ta kwanta, ka zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana, kada ka wuce. Lokacin aiki mai ƙura kullum ake duba shi. In na takarda ne, kada ka wanke da ruwa ko gas, kuma in ya huje ko kaɗan ne canza shi. Sai juyen baƙin mai da filtarsa, inji da ɗumi ake juyewa, ka shafa ɗan mai a robar sabuwar filta. Sai giris a duk kan nono na gaba da sitiyari, sai hura ƙaiƙayi da ciyawa daga lagireto, sai fambel. Waɗannan duk bidiyonsu na nan birjik.

Aikin da nake so kowane direba ya iya kamar sunansa shi ne cire iska daga layin gas, don shi ne ya fi tsayar da mutane, gas ya ƙare a tanki ko an canza filta, ka yi ta kik tana juyawa ba ta kamawa har batir ya mutu. Ga yadda yake a yawancin Massey masu famfon injekta na kamfanin CAV. Tabbatar akwai gas kuma makunnin ƙarƙashin tanki a buɗe yake. A gefen inji akwai ƙaramin famfon da ke jawo gas, yana da ɗan hannu da ake dannawa da yatsa. Sassauta ƙusar da ke saman filta, ka yi ta danna hannun, da farko kumfa za ka gani tana fitowa tana tsartuwa, ci gaba har sai gas ya fito tsantsa babu kumfa, sai ka ɗaure kana cikin dannawa. In ka ji hannun famfon sakwaf ba ya jan komai, ba lalacewa ya yi ba, juya injin kaɗan don ƙarfen da ke tura shi ne ya tsaya a sama, wannan mutane da yawa ba su sani ba har su je su sayo sabon famfo. Daga nan ka koma kan babban famfon injekta, akwai 'yan ƙananan ƙusoshi biyu na fitar da iska a jikinsa, sassauta ta ƙasa ka yi famfo har kumfa ta ƙare ka ɗaure, sannan ta sama. A hankali don Allah, ƙanana ne, da ka matsa da ƙarfi sun karye. Na ƙarshe, sassauta notin bututu biyu a wajen nozul, tabbatar giya na firi kuma ka mayar da abin kashewa ciki, buɗe totur, yi kik har ka ga gas na tsartowa, ɗaure, sake kik. Za ta yi tari ta yi gurnani sannan ta daidaita. Kada ka riƙe kik ya daɗe, ka riƙa ba shi hutu yana hucewa. In kuma gobe ta sake jan iska, to akwai inda take shiga, duba robar filta ko ta zauna daidai da wosar tagulla a mahaɗan bututu.

Sannan ka koyi karanta hayaƙi kafin ka je neman bidiyo, don ka san me za ka nema. Baƙi yawanci iska ce ba ta isa ba, ko nozul ya gaji, ko kaya sun yi mata nauyi. Shuɗi mai take ci, ringi ko bawul. Fari da ke ɗaukewa in inji ya yi zafi da sauƙi, amma farin da ya ƙi tafiya ga ruwan lagireto na raguwa, ka zargi gasket ɗin kai. Haka in hannun baya ya ƙi ɗaga garma ko yana ɗagawa yana rawa, kada ka fara da kwance famfon haidirolik. A waɗannan Massey ɗin mai ɗaya ne ke yi wa giya da aksil na baya da haidirolik aiki, zaro sandar awo ka gani, in man ya koma kalar shayi da madara ruwa ya shiga, sau da yawa ta yagaggiyar robar sandar giya in tarakta na kwana a ruwan sama. Juye man, wanke ragar tacewa, sannan ka ga abin da ya rage.

Akwai abin da masu bidiyo da yawa ba sa tsayawa su faɗa, kuma shi ya fi damuna. Kada ka taɓa tayar da tarakta kana tsaye a ƙasa ta hanyar haɗa kik da sukundireba, in tana cikin giya tayar baya kanka za ta fara hawa, an rasa rayuka ta haka. Sandar PTO, wato sandar bayan tarakta da ke juya injin da aka jona mata, tana juyawa sau 540 a minti, sau tara ke nan a daƙiƙa ɗaya, in ta kama gefen riga ko rawani babu lokacin ihu ma, kashe inji kafin ka matsa kusa kuma ka sa kaya ɗamammu. Kada ka shiga ƙarƙashin garma ko haro da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi, kada ka yarda da jak shi kaɗai, sa katako mai kauri. Kada ka lalubi yoyon bututun nozul da yatsa inji na aiki, ƙarfin gas ɗin na huda fata ya shiga nama, kwali ake karawa. Murfin lagireto sai ya huce. Batir kuma waya mai alamar ragi ake fara cirewa, ita ake mayarwa ƙarshe. Yara su yi nisa.

Kuma ka san iyakarka. Cikin famfon injekta da saitin nozul ba aikin gindin bishiya ba ne ko ka kalli bidiyo ɗari, suna buƙatar injin gwaji da wuri mai tsabta, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata famfo. Wankin karanshaf ma na masu injinsa ne. Canjin kuloci sai an raba tarakta biyu, gaba da baya, ga nauyi, in ba a tokare aksil na gaba ba rabin na iya kifewa, wannan karon farko ka yi shi tare da wanda ya saba. Ka kira bakaniken, ka biya shi haƙƙinsa, ka zama yaronsa na ranar kana miƙa sifana kana tambaya, Oga wannan me ya sa aka fara da shi? Kada ka je masa da na gani a YouTube ba haka ake yi ba, mutumin nan ya shekara yana jin kukan inji da kunnensa, akwai abin da ya sani wanda kyamara ba ta ɗauka. Amfanin kallon da ka yi shi ne yanzu ka san sunan abin da ake cirewa, kuma za ka gane in an ce a sayo abin da ba a buƙata.

Wajen sayen kaya, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannunka da lambar injinka, ka kara su ka gani da idonka. Filta da baƙin mai kada ka bi araha, jabu sun yi yawa. Gas ɗin jarka kuma ka bar shi ya kwana ya kwanta, ka tace sannan ka zuba, na ƙasan jarkar ka bar shi don wanke kaya.

Duk wannan koyon da rani ake yinsa, wajen Maris da Afrilu, lokacin da in ka kwance abu ya ƙi ɗauruwa babu mai jiranka a gona. Ka ajiye ɗan littafi a akwatin sifanu kana rubuta ranar da ka juye mai, awa nawa agogo ya nuna, lambar filtar da ka saka, da sunan bidiyon da ya yi maka amfani don ka same shi baɗi. In agogon awa ya mutu, wanda haka yawancinsu suke, ka riƙa rubuta awannin aikin kowace rana da kanka kana tarawa, in sun kai abin da littafin taraktarka ya ce sai ka juye.