Gishiri da Danshi: Kurakuran da Ke Karkata Sakamako a Ɗakin Gwaji

Ɗalibi zai auna hodarsa da kyau, ya yi lissafi babu kuskure, amma sakamako ya fito a karkace. Kafin a ɗora wa na'ura laifi a duba ruwa, domin sikeli bai san bambancin ruwa da sinadari ba.

Kuskuren farko tun daga jikin kwalba yake, mutum bai karanta abin da aka rubuta ba. Shuɗin gishirin tagulla, CuSO4·5H2O, kusan kashi 36 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Mol ɗinsa, wato ma'aunin yawan sinadari da ake lissafi da shi, giram 249.7 ne, na farin nau'insa marar ruwa kuwa 159.6. Wanda ya ɗebi shuɗin ya yi lissafi da lambar farin, abin da ya haɗa ya tsinke tun bai fara aiki ba. Wani kuma ya sa shi a tanda a digiri 110, ya ce ai ya bushe. Da sauransa: cikin ƙwayoyin ruwa biyar da ke jikinsa huɗu ne suka tafi, ta biyar sai wajen digiri 250.

Sai jinkiri a gaban sikeli. Ƙwayoyin NaOH, ka zuba su a buɗe ka tsaya neman cokali, za ka ga sun soma sheƙi suna mannewa da juna, lambar sikeli tana hawa da kanta. Iskar CO2 ma suna zuƙa. CaCl2 kuwa in an bar shi narkewa yake har ya zama ruwa. Gyaran shi ne ka auna kwalba a rufe, ka ɗiba, ka rufe, ka sake aunawa, ka ɗauki bambancin. Ruwan NaOH kuma kada ka yarda da ƙarfinsa sai ka gwada shi da busasshen KHP, gishirin asid da ake auna ƙarfin NaOH da shi. Abin da ya fito daga tanda a bar shi ya huce a desiketa, rufaffen gilashi mai tsotse danshi, tukuna. Ita ma desiketar a leƙa ta: silika mai alamar kobalt in ta tashi daga shuɗi ta koma ruwan hoda ta ƙoshi, a gasa ta a wajen digiri 120.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne rahoton da ba a rubuta danshin ɗaki ba. Kowane gishiri da iyakarsa: LiCl yana soma narkewa a danshi kusan kashi 11, MgCl2 a 33, gishirin miya (NaCl) sai an kai 75. Ɗan MgCl2 ɗin da ke cikin gishirin kasuwa marar tacewa ne ke sa shi yin ruwa da damina. A Kano ko Zinder, iskar hunturu da ta Agusta ba su haɗa hanya ba. Da hunturu ma abin juyewa yake: Na2CO3·10H2O yana sakin ruwansa, ƙwayoyin su yi fari su koma gari. Gwajin Janairu da na Agusta, in babu lambar danshi da ta zafi, ba za a iya kwatanta su ba.

A nan masu ƙera sababbin sinadarai ke tuntuɓe, su rubuta "yana jure danshi" kawai. Danshi nawa, zafi nawa, awa nawa? Masana'antar faifan sola tana gwaji a digiri 85, danshi kashi 85, na awa 1,000. Ƙaramin ɗakin gwaji ma bai da uzuri: a rufaffen gilashi, ruwan da ya ƙoshi da MgCl2 zai riƙe danshi a kashi 33, na NaCl a 75, na K2SO4 a wajen 97.

Kada kuma a yi hukunci da ido. Baƙin ferobsikait na CH3NH3PbI3, sinadarin da ake gwadawa a faifan sola, yana tona kansa, in danshi ya ci shi sai ya koma ruwan ɗorawa saboda PbI2. MOF-5, sinadari mai ƙananan ramuka wanda su Omar Yaghi suka fitar a 1999, ba haka yake ba, ramukansa na iya rushewa hodar tana nan kamar ba abin da ya same ta. Shi ya sa ɗan'uwansa UiO-66 na Jami'ar Oslo, mai ƙarfen zirkoniyam, ya yi suna tun 2008, don yana jure ruwa. A ɗauki hoton XRD, mai nuna tsarin cikin sinadari, kafin gwaji da bayansa, ruwan da ya shiga kuma a auna shi da hanyar Karl Fischer.

LiPF6 na batirin lithiyam kuwa ba a buɗe shi a iskar ɗaki sam. Da ya gamu da danshi yake fitar da asid ɗin HF mai cin fata har ƙashi, don haka aikinsa sai cikin rufaffen akwati mai safar hannu da iskar argon.