Yadda Kirista Zai Sami Farin Jini a Wurin Mutanen Ƙauye

A ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada a jihar Kano, inda Kiristoci Hausawa ke noma gona da gona da 'yan'uwansu Musulmi, ba a rasa sanin halin kowa, domin ana ganinsa a bakin rijiya, a kasuwa da kuma wurin gayya. Luka 2:52 ta ce Yesu ya yi girma da tagomashi a wurin Allah da mutane, kuma wannan tagomashin ne mai bi yake nema.

Ka fara da gaskiya a ma'amala, domin nan ne aka fi gwada mutum. Idan kana auna dawa ko gero, kada mudun sayenka ya bambanta da na sayarwa. Idan ka ci bashin taki da alkawarin biya da kaka, ka biya kafin a aiko maka, in kuwa damina ba ta yi kyau ba, ka je da ƙafarka ka nemi uzuri. Kada garmarka ta ci iyakar gonar maƙwabci, kuma ka ɗaure awakinka da zarar shuka ta fito, don kada ƙaramar ɓarna ta kai ku gaban mai unguwa.

Ka durƙusa ka gai da dattijo, ko wane ne shi. Ka je suna, ka je ta'aziyya, ka zauna ba da gaggawa ba. Da azumi ka guji cin abinci a bainar jama'a. Da Kirsimeti kuwa, ka roƙi maƙwabcinka Musulmi ya yanka maka akuyar, domin duk gidan da ka aika wa nama su ci hankali kwance.