Yadda za ka gane matsalar fitsari a mage kafin ta kashe maka ita

Masu kiwon mage a nan Legas dan Allah ku saurara, abin nan ya kusa kashe min muzuruna a Agege.

Da farko kalli tsugunonsa. In ka ga yana zarya wajen akwatin yashin da yake fitsari da kashi a ciki yana nishi, fitsarin ɗis-ɗis ko da jini-jini, yana yawan lasar gabansa, ko ya koma yi a kan tayil, to mafitsara ce. A nan mutane suke kuskure, ni ma na ɗauka bayan gida ne ya ɗaure masa, na wuni ina ɗura masa man zaitun ashe hanyar fitsarin ce ta toshe gaba ɗaya. Hanyar namiji siririya ce, ƴar tsakuwa ko majina kaɗan sai ta rufe ta, kuma in ta rufe guba na taruwa a jini, ƙoda ta tsaya, cikin kwana 2 zuwa 3 zai iya mutuwa. Duba yashin da idonka, in a bushe yake, ga amai ga ƙin cin abinci, marar ta yi tauri kamar lemo, kar ka matsa ta wallahi tana iya fashewa, ɗauke shi kai tsaye wajen likitan dabbobi, komai gosulo ka hau okada. A can za a sa masa barci a zura roba a buɗe hanyar, a sa masa ƙarin ruwa.

Kar ka je kemis. Panadol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya na iya gamawa da ita. Antibayotik ma yawanci asarar kuɗi ne, don magen da ba ta kai shekara 10 ba da wuya ka samu ƙwayoyin cuta ne, galibi kumburin mafitsara ne da damuwa ke tayarwa, kamar canjin gida, sabuwar mage ko ƙarar janareto a kusa da makwancinta.

Ka yarda a gwada fitsari a ɗau hoto ko sikanin, eh da tsada amma shi zai nuna ko tsakuwa ce. Iri biyu aka fi gani, sitiruwait tana narkewa da abinci na musamman, ta kalsiyam sai tiyata.

In an dawo gida sai ruwa. Ni na rage busasshen abincin buhu sosai, na gwangwani nake ba shi in ƙara masa ruwa a ciki. Kwanon ruwa biyu ko uku a wurare daban, a canza kullum saboda zafin garin nan. Wajen yashi kuma mage ɗaya akwati biyu, a kwashe safe da yamma, a rage masa ƙiba, kuma satin farko ka sa ido sosai don toshewar na dawowa.