Yadda ake duba injin babur na hannu kafin a biya kuɗi a Legas

Ka shirya da mai babur ko dillali cewa da sassafe za ka zo, kuma kada a tayar da mashin ɗin kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora bayan hannu a kan buloki. In ka ji ɗumi, an riga an tayar, kuma injin da ya yi zafi yana rufe aibinsa: tashi ɗaya zai yi, hayaƙi ya ragu, ƙara ta lafa. Ka ce za ka dawo gobe. Ka tafi da makanikenka, wanda ba shi da rabo a la'adar dillali.

Fara da baƙin mai. Tsayar da babur a kan jak ɗin tsakiya, zaro sandar awo, ka murza man tsakanin yatsu biyu. Babura irin su Boxer BM100 da TVS HLX kusan lita ɗaya suke sha, yawanci mai lamba 20W50. In man ya yi kauri yana ja kamar zuma, akwai yiwuwar an zuba mai nauyi don a danne ƙarar kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. In kana ganin ƙyalli na garin ƙarfe, wani abu na cin kansa a ciki. In kuma ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan matsalar Legas ce ta musamman, domin da damina babura kan kutsa cikin ambaliya, inji ya zuƙi ruwa ta iyakilina, wato matatar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, shi ya sa yake lanƙwasa kwanrod, wanda ya rage kuma ya sa boris tsatsa. Buɗe akwatin iyakilina ka nemi busasshiyar laka ko alamar inda ruwa ya tsaya.

Kwance fulogi. Bakinsa launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Baƙi busasshe, kafireto ne ke ba da fetur da yawa, gyaransa ba tsada. Baƙi mai maiƙo kuwa, inji na ƙona baƙin mai. Sabon fulogi fil a tsohon inji abin tambaya ne. Yayin mayarwa ka lura ko yana ɗauruwa, saboda kan injin alminiyam ne, zarensa kan cinye.

Sai ka taka kik a hankali, makulli a kashe. Dole ka ji turjiya a wani wuri. Idan ya sulale ƙasa babu nauyi, ringi ya mutu ko bawul ba ya rufewa.

Yanzu a tayar, kai kuma ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi da ya fito a tashin farko ya ɗauke bayan minti ɗaya ko biyu, robar bawul ce ta sake. Wanda ke ƙaruwa duk sanda aka murza totur, ringi ne da buloki. A nan ka tambayi mai shi ko an taɓa yi wa bulokin borin, wato faɗaɗa ramin fistin, kuma fistin mai lamba nawa ke ciki. Girmansa kan hau daga 0.25 zuwa 0.50, 0.75 har 1.00 na milimita. Wanda ya kai ƙarshe, gyara na gaba sabon buloki ne, sai a cire kuɗinsa daga ciniki.

Kunne ya fi ido aiki a wannan gaɓar. Ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ka kara mariƙinsa a kunne. Ƙas-ƙas siriri daga sama tafet ne, wato abin da ke danna bawul, saiti kawai yake so. Kwaramniya daga gefe, sarƙar taimin ce ta saki ko abin da ke ɗaure ta ya gaji. Injinan da aka ƙera a tsarin CG na Honda ba su da wannan sarƙa, sanduna ke tura bawul ɗinsu. Wadda ba a yafe mata ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, wadda ke bin totur, ta ƙaru in an ɗauki kaya. Kwanrod ne ko karanshaf, sai an raba inji biyu. Ra'ayinmu, a bar irin wannan babur ko da an karya farashi.

Leƙa ƙarƙashin inji da tocila. Duba notin juye mai, ko an naɗe shi da zare ko leda. Duba ko an like fashewa da gam an shafe da fenti. Injin da aka wanke tas ana jiranka, sake duba shi bayan gwaji, yoyon zai bayyana.

Gwajin kansa ka yi shi da mutum a baya, kamar yadda za ka yi aiki da shi. A giya ta huɗu ka buɗe totur. In inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba, faifan kuloci ya cinye. In giya ta biyu tana fita da kanta, aikin cikin inji ne. Da mitar awon wuta, batir ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5 in an ɗaga totur. Amma ka zaɓi wurin gwaji: tun ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe, kuma baburan da aka kama niƙe su ake yi.

Kafin kuɗi su fita daga aljihunka, gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce a rasit da takardun rajista, harafi bayan harafi. Shafa yatsa a kan lambar. In ka ji alamar goga ko ka ga haruffan ba su daidaita ba, kada ka saya. In sun dace, a rubuta takardar ciniki, shaidu biyu su sa hannu, zai fi kyau ɗaya ya kasance daga shugabannin tashar da mai babur ɗin yake aiki.