Yadda na gyara kullewar SQLite a manhaja mai aiki da soket

Manhajar tana karɓar saƙonni ta soket na TCP (hanyar da manhajoji ke musayar saƙo ta intanet) tana adana su a rumbun bayanai na SQLite, amma da masu amfani sun yi yawa sai kuskuren SQLITE_BUSY, mai nuna cewa rumbun a kulle yake, ya bayyana. Da na bi diddigi, na tarar kowane zare (wato thread, ɓangaren manhaja mai gudanar da aikinsa daban) yana fara rubutu a rumbun bayanai, sannan ya tsaya jiran ragowar saƙo daga recv(), umarnin da ke karɓo saƙo daga soket, alhali SQLite ba ya barin marubuta biyu a lokaci guda, don haka mai raunin intanet ɗaya ya isa ya tsayar da kowa. Yanzu sai saƙo ya cika ake jera shi a layi, zare ɗaya tak ke rubutawa. Na kuma kunna WAL, tsarin SQLite na fara rubuta canje-canje a wani fayil daban, wanda ya zo a 2010, domin masu karantawa su daina jiran marubuci.