Sabuwar motar iyali: matsalolin da suka fi yawa da yadda za ka magance su da kanka

Motar iyali mai layin kujeru uku da ƙofofin gefe masu zamewa, irin su Toyota Sienna, Honda Odyssey, Kia Carnival da Chrysler Pacifica, cike take da ƙananan injunan lantarki, sensoci da maɓallai. Mafi yawan abin da ke tayar wa mai ita hankali a shekarar farko ba lalacewa ba ne. Ko dai datti ne ya taru, ko yaro ya danna wani maɓalli, ko batir ya yi rauni, ko kuma motar ce ke kare kanta kamar yadda aka ƙera ta. Don haka kafin ka nufi gareji, bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofar gefe ta ƙi buɗewa ko ta ƙi rufuwa

Wannan ita ce kan gaba wajen ƙorafi, kuma sau da yawa minti biyar ya isa a gano bakin zaren. Fara da maɓallin da ke kashe wutar ƙofofin gaba ɗaya, wanda yawanci yana kusa da sitiyari ko gwiwar direba. Gwiwa kan taɓa shi ba a sani ba. Sai ka duba giya: motoci da yawa ba sa barin ƙofar ta buɗe da lantarki sai giya tana kan P ko ƙafa tana kan birki. Idan ƙofar tana buɗuwa ta waje amma ba ta buɗuwa ta ciki, makullin yara ne, wato ɗan ƙaramin hannu da ke jikin gefen ƙofar, wanda ba ka ganinsa sai ƙofar tana buɗe.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke ruɗa mutane. Ƙofar da ke ɓangaren tanki ba za ta buɗe ba muddin ƙofar zuba mai ba ta rufu sosai ba, don kada ta buge tiyon mai. Haka kuma a wasu motocin, idan gilashin ƙofar yana sauke, ƙofar za ta tsaya a rabin hanya don kada ta datse hannu ko kan yaron da ya leƙo. Ɗaga gilashin ka sake gwadawa.

Idan duk wannan lafiya lau, saura datti. Kowace ƙofa tana gudu ne a kan layuka uku: na sama, na tsakiya da ke ƙarƙashin gilashin baya, da na ƙasa inda ake taka ƙafa. Na ƙasan nan shi ne matattarar yashi, tsakuwa, kwabbai da murafen kwalba. Zuƙe shi da na'urar zuƙar ƙura, ka goge da tsumma mai ɗan laima, ka bari ya bushe. Sannan ka fesa man silikon kaɗan, ko ka ɗan shafa farin giris a jikin ƙananan tayoyin da ƙofar ke gudu a kansu, ka goge rarar. Kada ka cika layin da giris mai kauri ko baƙin mai. Ƙura za ta manne masa, bayan wata biyu ƙofar ta fi da nauyi.

Ƙofar da ta kusa rufuwa sai ta koma baya tana ƙara, ta ji kamar ta matse wani abu ne. Duba ko bel ɗin kujera ya rataya a bakin ƙofar, ko tabarmar ƙasa ta zamo. Goge robar da ke bakin ƙofar, domin sensar da ke hana matse hannu tana cikinta. Tsayawa a gangare mai tsanani ma kan jawo haka. Bayan an cire batir ko an canza shi, ƙofar kan manta inda take tsayawa. Kashe maɓallin wutarta, rufe ta da hannu har ta kama sosai, sannan ka kunna.

Abu ɗaya da muke ja wa kowa kunne a kai: kada a riƙa fizgar ƙofar da ƙarfi yayin da injinta ke jan ta. Siririyar igiyar ƙarfe ce ke jan ta, kuma fizga ce ke tsinka ta. In ka ga igiyar ta fara warwarewa ko ka ji ƙarar niƙa, kashe wutar ƙofar, yi ta amfani da ita da hannu, ka kai wa dila.

Batir a sabuwar mota

Mutane kan yi mamakin sabuwar mota ta ƙi tashi. Dalilin a fili yake. Motar ta yi makonni ko watanni a ajiye kafin a sayar da ita, sannan ga gajerun tafiye-tafiye na minti goma da ba sa mayar wa batir abin da tayar da inji ya ci. Ƙara da ƙofofi da but masu lantarki, fitilun ciki da ke kunne duk lokacin da ake lodi, da kyamarar da aka jona wadda ba ta mutuwa ko an kashe mota. Makullin rimot da aka rataye kusa da inda motar ke kwana ma yana hana kwamfutocinta barci, don haka nisanta shi da ’yan mitoci.

Gwada batirin da mitar auna volt bayan motar ta huta na wasu awanni. Volt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai kusan rabi, ƙasa da 12.0 kuwa yana bukatar caji nan take. Idan inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7 a mafi yawan lokaci. Batir mai rauni yana sa motar yin abubuwa barkatai: allo ya ɗauke, ƙofofi su yi nawa, fitilun gargaɗi su kunnu ba dalili. Tafiyar minti 30 zuwa 40 sau ɗaya a mako tana taimakawa, in kuwa motar za ta daɗe a ajiye, jona mata ƙaramar caja mai kula da batir.

Wajen tayar da ita da batirin wata mota, jar waya ta fara zuwa kan + na mataccen batir, sai + na mai rai, baƙar waya zuwa − na mai rai, ƙarshenta kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirin. Sienna tun daga ƙirar 2021 mai haɗa fetur da lantarki ce, kuma irin waɗannan suna da wurin jona waya na musamman a akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet. Wayoyi masu ruwan lemo na babbar wuta ne, kada ka taɓa su ko kusa. Ita kuma Pacifica mai kashe inji da kanta a tsaye tana da ƙaramin batir na biyu, wanda in ya mutu yakan janye babban.

Idan rimot ne ya mutu, zaro ƙaramin makullin ƙarfe da ke cikinsa ka buɗe ƙofa, ka kanga rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ka taka birki ka danna. Batirinsa yawanci CR2032 ne.

Fitilar taya da ta inji

Iskar da ta dace tana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Irin waɗannan motoci yawanci suna son psi 35 zuwa 36. Auna da safe kafin a yi tafiya, domin iskar tana sauyawa da kusan psi ɗaya duk lokacin da zafi ya hau ko ya sauka da digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Celsius. Sabuwar mota da ke dukan baya a kan ƙananan ramuka, sau da yawa iskar da aka cika mata don jigila ce ba a rage ba. Fitilar da ta kunnu ta tsaya, iska ce ta ragu. Wadda ta yi ta ƙyaftawa na kusan minti ɗaya kafin ta tsaya, sensa ce ke da matsala. Tayoyin gaba sun fi saurin cinyewa saboda nauyin inji da juya sitiyari, sai a riƙa sauya musu wuri da na baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Ka kuma leƙa tun yau ka ga ko motarka tana da safaya, don wasu famfo da ruwan faci kawai suke zuwa da su.

Fitilar inji da ta kunnu bayan shan mai, murfin tanki ne a mafi yawan lokaci. Ɗaure shi har ya yi ƙas, fitilar za ta mutu da kanta bayan tafiye-tafiye kaɗan. Ƙaramar na'urar karanta lambobi da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari za ta nuna P0455, P0456 ko P0457 idan tururin mai ne ke zurara. Amma fitilar inji mai ƙyaftawa wata magana ce daban: inji yana tsallake wuta, ɗanyen mai yana shiga salansa. Rage gudu, tsaya, kira dila. Jar fitilar mai ko ta zafi kuwa, kashe inji nan take.

Birki, giya da lodi

Ƙarar birki da sassafe ko bayan wanki siririyar tsatsa ce a kan faifai, taka biyu ko uku ke share ta. Sitiyari mai karkarwa idan aka taka birki a guje yana nuna faifan ya daina zama sumul, kuma abu biyu ke jawo shi: riƙe birki a dogon gangare da cikakken lodi, ko ɗaure notocin taya da injin iska fiye da kima. Notocin suna son Nm 100 zuwa 140 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) gwargwadon mota, a ɗaure su a gicciye. A gangare, sauko da giya ka bar inji ya riƙe motar.

Littafin Toyota ya ce a guji taka birki da ƙarfi a kilomita 300 na farko, kada a ja tirela a 800 na farko, kuma a guji mugun gudu da fizga har kilomita 1,600. Shawara ce mai kyau ga kowace ƙira. Giya mai hawa 8, 9 ko 10 takan ɗan yi tangal-tangal a cunkoso yayin da kwamfutarta ke koyon ƙafar direba. In ta wuce ’yan makonni tana dukan ƙarfi, nemi dila ya duba ko akwai sabuwar manhaja. Duba baƙin mai sau ɗaya a wata, ka zuba irin wanda aka rubuta a murfi kawai, yawanci 0W-20, ko 0W-16 a sabuwar Sienna.

Kujeru takwas ba sa nufin manya takwas da kayansu. Nauyin da motar za ta iya ɗauka yana rubuce a takardar nan ta ginshiƙin ƙofa. Manya takwas masu kilo 75 sun riga sun kai kilo 600, abin da ya kusa cinye iyakar yawancin waɗannan motoci tun ba a sa jaka ko ɗaya ba. Lodi fiye da kima ne ke sa baya ya zauna, tayoyi su yi zafi, birki ya yi nisa kafin ya kama.

Cikin mota

Warin ruma daga iyakwandishan laima ce da ta kwana a ciki. Minti biyu ko uku kafin ka iso, kashe sanyin ka bar fanka tana hurawa. Filtar iskar ciki tana bayan akwatin da ke gaban kujerar fasinja, ana canza ta duk kilomita 15,000 zuwa 20,000, ko ƙasa da haka a wuri mai ƙura, kuma a bi kibiyar da ke jikinta. Ruwa mai tsabta da ke ɗiga a ƙarƙashin mota, har ta baya, ba matsala ba ne, domin akwai na'urar sanyi ta biyu a can. Kafet ɗin gaba da ya jiƙe kuwa, bututun fitar da ruwan ne ya toshe. Idan na baya sun kasa sarrafa sanyinsu, an kulle maɓallansu ne daga gaba.

Bugun iska mai cika kunne idan an sauke gilashin baya shi kaɗai yana ɗaukewa da zarar an ɗan sauke na gaba. Ƙwaram-ƙwaram daga baya yawanci ƙarfen bel ne ke dukan bango, ko matashin kai da bai zauna ba, ko kujerar da ba ta kama ƙasa sosai ba. Girgiza kowace kujera da hannu bayan an mayar da ita. Kujerar jariri, in an ɗaure ta daidai, ba za ta motsa fiye da santimita 2.5 ba a wurin ɗaurin.

Wayar da ke yawan katsewa da Android Auto ko Apple CarPlay, canza igiyar da gajera mai ɗaukar bayanai, ka goge wayar daga allon ka sake haɗawa. Gargaɗin cewa radar ko kyamara ba ta gani, goge tambarin gaban mota, gilashin da ke bayan madubin tsakiya, da ƙananan sensocin bamba. Gilashin da ya daina hawa da dannawa ɗaya, ja maɓallinsa har ya rufu ka ci gaba da riƙewa na ’yan daƙiƙoƙi.

Inda hannunka zai tsaya

Duk abin da ya shafi jakar iska, ruwan birki mai raguwa, yoyon mai, warin ƙuna ko babbar wutar lantarki, na dila ne, kuma in laifin ƙira ne, garanti ne zai biya. Kada ka yarda a yanka wayoyin motar don saka ƙararrawa ko rediyo, domin hakan na iya zubar da garantin ɓangaren da aka taɓa. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba; saka ta a shafin kamfanin a intanet ka ga ko an yi kiran gyara kyauta. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, ɗauke ta a bidiyo da waya, ka rubuta ranar, kilomita, da ko injin yana da sanyi ko zafi. Ka nemi a rubuta ƙorafinka a takardar aiki ko da ba su ga komai a ranar ba, ka adana kwafinka tare da rasit ɗin kowane sabis.