Sunayen kayan ɗakin wankin hoto da Turanci, da yadda za ka riƙe su

Shekara uku na yi ina wankin hoto a shagon maigidana ban san sunan ko abu ɗaya da Turanci ba. Mu dai "magani na farko", "magani na ƙarshe", "inji" da "jan ƙwai", kuma sun ishe mu. Yanzu da kayan suka yi wuya a kasuwa, sai ta intanet ake odarsu, takardar bayaninsu kuma Turanci ce zalla. Dabarar da ta fisshe ni ita ce bin aikin daki-daki yadda hannu yake yinsa, ina manna wa kowane abu sunansa da salatif.

Fara da fim. Shi ba ya jure haske ko kaɗan, har jan ma, saboda haka ko dai ɗaki mai duhu ƙirin, ko changing bag, baƙar jaka mai hannuwa biyu kamar riga. A cikinta za ka naɗe fim ɗin a lalube kan wani abu mai kama da ƙwarƙwaron zare. Amurkawa na ce masa reel, mutanen Ingila kuma spiral, don haka nemi sunayen biyu in kana oda. Ka jefa shi cikin developing tank, gwangwanin da ruwa ke shiga amma haske ba ya shiga. Da ka rufe murfin, kunna wutarka.

Magunguna uku ne, kuma a nan nake so ka nutsu. Developer shi ke fito da hoton. Sanannensa shi ne D-76 na Kodak, wanda ya fito tun 1927, ID-11 na Ilford kuma kusan tagwayensa ne. Stop bath ruwan tsami ne mai warin binega, aikinsa tsayar da na farkon. Fixer ke wanke gishirin azurfar jikin fim wanda haske bai taɓa ba, don hoton ya zauna daram. In ka ga hypo a tsohuwar takarda, shi ake nufi. John Herschel, masanin kimiyya ɗan Ingila, shi ne ya gano aikinsa a 1819.

Na taɓa zuba fixer da farko, don kwalaben iri ɗaya ne kuma babu rubutu. Hotunan ɗaurin aure 36 suka fito fes kamar gilashi, ko inuwar rawani babu. Maigida bai ce mini uffan ba, ni ya tura in je in yi wa ango bayani. Tun ranar nake rubuta suna a jikin kwalba da kuma murfinta.

In ka ga 1+9, kashi ɗaya na magani ne, tara na ruwa, ka auna da graduate, dogon kofi mai layuka. Agitation na nufin jujjuya tankin lokaci-lokaci. Zafin ruwa digiri 20 ake so, takardun Amurka kuma 68 suke rubutawa da ma'aunin Fahrenheit, duk abu ɗaya ne. A watan Afrilu a Kano ruwan famfo ya wuce haka nesa ba kusa ba, sai ka tanadi ƙanƙara da ma'aunin zafi.

Wajen buga hoto a takarda, ɗakin ya kasu biyu: dry side inda babu ruwa, da wet side. Injinmu, mai haska hoton fim a kan takarda ya ƙara masa girma, shi ne enlarger, irin su Durst na Italiya. Negetif, wato fim ɗin da aka wanke, na zama a negative carrier, takarda kuma a easel, allon da ke danne gefunanta. Grain focuser ƙaramin madubi ne da kake leƙawa har ka ga ƙwayoyin fim ɗin kamar yashi, alamar saiti ya yi. Jan ƙwanmu safelight ne, kuma na takardar baƙi da fari ne kawai. Kafin ka ɓata takarda sukutum, yanki ƙyalle ɗaya daga jikinta ka ba shi haske daƙiƙa 2, 4, 8, 16. Sunansa test strip. Tare haske da hannu don wuri ya yi fari dodging ne, ƙara masa don ya yi duhu kuma burning.

Ɓangaren ruwa ba wuya. Tray dai tiren da ka sani ne, sai dai a Ingila wasu kan ce dish. Tongs awartakin roba ne, kowane tire da nasa.

Saura wetting agent, irin su Photo-Flo, ɗigo kaɗan a ɗaurayar ƙarshe don kada ruwa ya bar tabo. Squeegee, robar tsane ruwa, ni ba na yarda ta taɓa fim, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja masa layi daga sama har ƙasa. Da hunturu a banɗaki nake shanya fim, in yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, in ja ƙofa, ba na komawa sai bayan awa biyu.